Jawabi Kan Yaron Da Ba Ya Amsa Kira

Jama'ar Magarya da Dungas, akwai gidan da yaro ya shekara 3 ba ya amsa sunansa, ba ya haɗa ido, ƙarar injin niƙa tana firgita shi. Maƙwabta su ce iska ce, dangin miji su zargi uwa. Alhali larurar galahanga daga halittar ƙwaƙwalwa take, reno ba ya kawo ta. Tun 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 2 ga Afrilu. Wajibin uba ne ya kai yaron asibitin Magarya ko na Damagaram a fara auna jinsa, ya tsayar masa da lokacin ci da barci. Kada a ɗaure shi, kada a ɓoye shi.