Jawabi ga ƙannena: in ɗan ajinku ya matsa miki

Ƴan uwana matasa, yau da ku nake.

Ƙanwata da ke kolej nan Baleyara, kin san yadda abin yake farawa. Ya ari kayenki, ya maido da takarda a ciki. Ya samo lambarki, saƙo na shigowa WhatsApp tsakar dare. Ran Lahadi an aike ki kasuwa, kin waiga, ga shi bayanki. Kin ce ba ki so, ya ce wai jan aji ne.

Na san abin da ke hana ki faɗa. Tsoronki bai wuce a ce a gida: "To, tunda lakwal ta fara kawo samari, zauna." A cire ki ana saura shekara ɗaya ki yi BEPC, a fara zancen aure. Tsoron nan gaskiya ne. Amma shirun shi ke kai ki inda kike gudu. Maganar da kika ɓoye, wani zai kai ta gida, kuma da ƙari zai kai ta. In ke kika riga faɗa, ke ce mai ƙara. In a bakin mutanen gari Baba ya ji, ke za a tuhuma.

Saboda haka ki faɗa mishi sau ɗaya, a fili, gaban ƙawarki: "Ba na so, kar ka sake." Ba da murmushi ba. Kar ki karɓi kyauta, ko kuɗin waya na dala ashirin ne, don gobe zai ce kin ci nashi. Saƙonnin kuma kar ki share su don kunya, ki ajiye, su ne shaidarki. Sannan ki zaɓi babba ɗaya da kika yarda da ita: Inna, ko Gwaggo, ko wata madam a lakwal. Ita za ta raka ki wurin darakta. In ya kai ga barazana ko taɓa jiki, wannan ya wuce lakwal, sai jandarma. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, a gyaran 2003, ta tanadi kaso na wata 3 zuwa 6 da tarar jikka 10 zuwa 100 ga mai matsa wa wani da barazana ko tilas don neman lalata. A watan Disamba 2017 kuma gwamnati ta fidda doka ta kare yarinya mai karatu.

Yanzu ku samari, ku da ke zaman fada kuna shan shayi. Ku buɗe Suratun Nur. Umarnin runtse ido, a aya ta 30 da maza aka fara, sannan mata a ta 31. Mu kuwa mun haddace ta biyun, mun tsallake ta farkon. In yarinya ta ce a'a, magana ta ƙare. Wanda ya kai takardar, da wanda ya ba da lambar, da wanda ya yi dariya da aka tare ta a hanya, duk da su aka yi. In kuma ta ƙi ka, ka koma kana ɓata mata suna, surar nan dai ita ce ta yi maganar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, kuma ta yanke bulala 80 ga mai ƙazafi. Haba, ɗan uwa! Kai ma fa kana da ƙanwa.

Iyayenmu da ke zaune nan, roƙo ɗaya gare ku. In ɗiyarku ta zo da wannan magana, ku je ku ga iyayen yaron, ku ga darakta, ita kuma ku bar ta ta koma aji ran Litinin.