Adon Bangon Makewayi: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai, Kiru

 

Shugaban wannan taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai da kuka taho daga Kiru, Bebeji, Tudun Wada, Doguwa da sauran wurare, ina yi muku barka da zuwa. Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan wata sana'ar hannu da za ta amfani gida da makaranta. Na zaɓi yin magana a kan adon bangon makewayi, wato wurin wanka. Na san wasu za su yi murmushi, amma ina roƙon a ba ni aron kunne.

Jama'a, Bahaushe gwanin ado ne a gini. Duk wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846), ko ya ziyarci Gidan Makama a Kano, ko ya zaga unguwar Birni a Damagaram, zai ga yadda magina suka mayar da bangon ƙasa abin kallo. To amma a gidajenmu adon nan yakan tsaya a zaure da ɗakin amarya. Makewayi kuwa, inda kowa ke shiga safe da yamma, sai a bar shi da gansakuka da baƙin bango. Wurin da ake ƙyama ba a wanke shi, wurin da ba a wankewa kuwa yara na gudunsa su nufi bayan gari. Daga nan ne amai da gudawa ke samun ƙofa, musamman da damina. A shekarar 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da bahaya a fili, kuma a 2022 maƙwabciyarmu Jihar Jigawa ta zama ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a. Gina makewayi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a mai da shi wurin da mutum ba ya jin nauyin shiga.

Abu na farko da nake so mu riƙe shi ne, ba a ado a kan jiƙaƙƙen bango. Ƙasarmu ta kudancin Kano ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, ga kuma ruwan wanka da sabulu kullum. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka fara da maganin ruwa. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa bayan an cire garin da kalwa: a jiƙa shi, a kwaɓa ƙasa da ruwan, a shafe bango. Da ruwan makubar nan mata ke yayyafa daɓe har ya yi ƙarfi da sheƙi. Suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato tabon da ake kwashewa daga gindin rijiyar rini a ƙona, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Da laso ake shafe rijiyoyin karofi, irin na Ƙofar Mata a Kano da na Kura. Abin da ya riƙe ruwan baba wata da watanni, ashe zai gaza ruwan bokiti guda?

Yau karofi ya yi ƙaranci, katsi ya yi wuyar samu, siminti ya maye gurbinsa. Amma a kula: siminti da bangon ƙasa ba sa daɗewa da amana. In aka yaɓa shi kai tsaye, danshi kan taru a bayansa, wata rana ya ɓamɓaro gaba ɗaya. Mai bangon ƙasa ya kafa ragar waya da ƙusa kafin yaɓe, ko ya tayar da bulo jeri ɗaya daga ciki har zuwa ƙirji. A kwaɓa awo ɗaya na siminti da awo uku na tankaɗaɗɗen yashi, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. A karkata daɓen ƙasa zuwa rariya, rariyar kuma ta zube cikin ramin da aka cika da duwatsu, ba kan hanyar maƙwabta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan haka sai ado, kuma hanyoyi uku zan ambata waɗanda ba sa buƙatar kuɗi mai yawa.

Ta farko ita ce jeren fasassun tayil da tangaran. Masu sayar da tayil da masu aikin gini kan tara fasassu, su sayar da araha ko su bayar kyauta. A ware su kala-kala, a goge kaifin bakinsu a kan dutse. A zana siffar da ake so da gawayi, a shafa siminti gwargwadon faɗin tafin hannu biyu, a danna gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, a daidaita su da katako don kada wani ya fi wani tudu. Washegari a cike tsakaninsu da ruwan siminti mai kauri, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin iyayenmu mata sun yi daɓe da tsakuwa da tsingaro. Kada a sa fasasshiyar kwalba, saboda yara da tsofaffi na dafa bango.

Ta biyu ita ce zane a ɗanyen yaɓe, kamar yadda magina ke yi a fuskar zaure. Kafin simintin ya kama, a ja layi da bayan cokali ko bakin gwangwani: dagi, da'ira, ko irin zanen da ke jikin ƙwarya da wuyan babbar riga. Sai dai kada zanen ya yi zurfi, domin rami maɓoyar datti ce. Mai son launi ya zuba hodar kala ta siminti tun wajen kwaɓi, ita ba ta ɓarewa.

Ta uku ita ce fenti da yankakken kwali. A yanke siffa a jikin kwali, a ɗora a bango, a dangwala fenti da soso, a matsa gaba a maimaita har layi ya zagaye ɗakin. Daga ƙasa zuwa kafaɗa a yi amfani da fentin mai, wanda ke jure wanki. Daga nan zuwa sama farar ƙasa ta wadatar, kuma tana ƙara haske. A jira yaɓe ya bushe sarai, kamar wata guda, kafin fenti, shi ya sa aikin ya fi kyau da rani.

Akwai ladabi guda da malamanmu na addini suka koya mana: ba a rubuta sunan Allah, ko aya, ko addu'a a cikin makewayi. Mai son tunatar da yara addu'ar shiga ya rubuta ta a waje, gefen ƙofa.

A ƙarshe, ga shawarata ga ƙungiya. A cikinmu akwai magina, akwai masu sayar da kayan gini, akwai malaman zane. Mu zaɓi wurin wanka guda ɗaya a makarantarmu, kowane rukunin shekara ya kawo buhun siminti, mu tara fasassun tayil daga garuruwanmu, mu sa ranar Asabar bayan kaka. Ɗalibai su yi jeren da hannunsu, mu kuma mu tsaya a kansu. Yaron da ya jera bango da kansa ba zai bari a ɓata shi ba, kuma zai koma gida da sana'a a hannu. Ina roƙon sakatare ya sa wannan a cikin abubuwan da za mu yanke shawara a kai kafin mu tashi yau.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa na raye da alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.