Mu Nemo Sunayen Kakanninmu Tun Masu Sani Suna Raye

Iyayenmu mata, shugabanni da 'yan'uwa mambobi, barkanmu da ganin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Maganar adashi da rabon riba ma'aji ta riga ta yi. Mu tambaya ce muka zo da ita: mu nawa ne a nan za mu iya faɗin sunan yanka na kakar mahaifiyarmu?

Yawancinmu sai dai mu ce Iya, ko Goggo, ko Hajiya Babba. Alkunya ce ta jawo haka. Ba a kiran sunan miji, ba a kiran na ɗan fari, yarinyar da aka sa wa sunan kaka kuma sai a ɓoye sunan. A hankali laƙabi ya binne sunan yanka.

To amma laƙabin ma labari ne. Ladi haihuwar Lahadi ce, Lami ta Alhamis, Jummai ta Juma'a. Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza, Tanko namiji ne bayan mata, Gambo kuwa shi ke bin tagwaye. Kun ga da suna ɗaya mun san ranar haihuwar mutum ko waɗanda ya biyo.

A da Bahaushe ba shi da sunan dangi da ake gado irin na Turawa. Da sunan uba ake sanin mutum, ko sana'a, ko gari. Zuwan boko ya ƙara yaɗa sunan gari, kamar Aminu Kano, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Unguwa ma tana nuna asali: a birnin Kano akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa. In an ce kakanninki Agalawa ne ko Kambarin Barebari, to ki bi sawun fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja, har kasuwar Salaga a Ghana ta yau. Tsagar fuskar tsofaffinmu ita ma shaida ce, ga shi kuwa tana ƙarewa.

Kada mu ce labarin mace ba abin rubutawa ba ne. Baba ta Karo, tsohuwa ce a ƙasar Zazzau, ba 'yar sarauta ba. Ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Har yau ana karanta aurenta, danginta da harin masu kamun bayi da ta gani.

Wannan ba neman alfahari ba ne. Ranar rabon gado, in ba a san wa ya haifi wa ba, gonar mace ce ke fara salwanta. Kuma mun ga yadda bambancin suna tsakanin NIN da BVN ke hana mambobi rance.

Don haka ga roƙonmu. Kowacce ta samu tsohuwar gidansu kafin taro na gaba. Ki kai mata goro, ki kunna rikoda a waya, ki tambayi sunan yanka, laƙabi, gari, sana'a, da wanda kowa ya aura. In ta ji nauyin faɗin wani suna, a tambayi ƙanwarta ko maƙwabciya. A rubuta a littafi, a duba tsofaffin takardun gona da na haraji. Wadda ba ta rubutu, jikarta ta riƙe biro.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara mana zumunci.