JAWABI A KAN GONAKINMU DA WUTAR HASKEN RANA

(Wanda aka gabatar a taron ƙungiyar ƴan garinmu mazauna Yamai)

  

Kwamiti ya ce in yi bayani a kan abin da doka ta tanada idan aka nemi gonar mutum don a kafa farantan nan masu zuƙo hasken rana, waɗanda muke ce ma pano.

Aikin nan ba baƙo ba ne a Nijar. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a kansa ya ƙare rayuwarsa. A 2018 aka buɗe tashar Malbaza cikin jahar Tawa, mai megawat 7. A 2023 ta Goru Banda, nan bakin Yamai, ta fara aiki da megawat 30 bisa fili hekta 27. Ku auna: kusan hekta guda ga kowane megawat. Kuma duk wanda ya sha duhun 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta, ya san gwamnati ba za ta tsaya nan ba. Fili kuwa a ƙauye yake.

To, hanya biyu ce ake karɓar gona, kada ku haɗa su.

Ta farko, gwamnati ta ce aikin na amfanin jama'a ne. Nan doka mai lamba 61-37 ta 1961 ke aiki, wadda aka gyara a 2008. Idan an kai nan, mai gona ba ya iya hanawa, amma dole a yi shela, a yi bincike, a ƙidaya waɗanda abin ya shafa, a kuma biya diyya kafin a taɓa gonar. Kafin, ba bayan ba. Diyyar tana iya zama kuɗi, ko wata gona, ko duka biyu, kuma itatuwa da amfanin da ke tsaye suna cikin lissafi. Ni dai a ganina wata gonar ta fi. Kuɗi ba su kai wa damina uku, mun gani ga waɗanda suka sayar da gonakinsu a bakin birni.

Abin da ya shafe mu, mu da ke waje, shi ne ƙidayar nan. Tana da ranar rufewa. Wanda ke Legas ko Abijan ko Agadas, sunansa bai shiga ba, shigar da shi daga baya sai an sha wuya. Gandun da mahaifinmu ya bari, ba a raba ba, yaya babba ke nomawa, sunan wa za a rubuta? Gamanar da aka ba tsohuwa shekara talatin da suka wuce fa? Wanda aka ba aro, da wanda ya riƙe jingina? Duk waɗannan mun san su da baki, amma mai binciken takarda yake dubawa.

Ta biyu, kamfani ya zo da kansa yana son saye ko haya. Wannan ciniki ne, kana da ikon ka ce a'a. Sai dai a sani, tasha irin wannan shekara 20 zuwa 25 take yi, an kewaye ta da waya, ba shuka, gawo ma sai an sare don kada ya yi inuwa. Yaron da aka haifa bana zai yi aure bai taɓa noma gonar ubansa ba. Kada kowa ya dangwala yatsa ga takardar da ba a karanta masa da Hausa ba, a gaban magada. Akwai kuma dokar 2018 da ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli tare da sauraron mutanen wurin. Idan an kira wannan zama, a je, mata ma su je. A nuna masu fako, inda ko ciyawa ba ta fita, rana ai iri ɗaya ce da ta jigawa mai ba da hatsi. Burtali da makiyaya kuwa dokar kiwo ta 2010 ta tsare su, ba na maigari ba ne balle ya bayar.

Abin da ke hannunmu tun yanzu shi ne dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ake ce ma Kod Rural. Ta amince da gonar gado daidai da wadda aka saya da takarda. Ita ta kawo kwamitocin ƙasa, Kofo, kuma na gari maigari ne shugabansa. A nan ake yin takardar shaidar riƙon gado, da ta kyauta, aro, haya da jingina, bayan an kira maƙwabtan gona sun shaida iyaka. Na san wasu dattawa na ganin neman takarda tsakanin ƴan uwa kamar rashin yarda ne. Ku gafarce ni, iyayena, shaidun da suka san iyakokin nan suna ta raguwa kowace shekara.

Saboda haka kwamiti na roƙon duk wanda zai koma gida noman bana ya zaunar da gidansu, a fidda wakili guda, a je wurin maigari. Wanda ba zai samu zuwa ba ya bar sunansa da na wakilinsa wurin magatakarda kafin a watse.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.