Harbi da Bindigar Iska: Abin da Ya Kamata Malami Ya Sani



A halin da muke ciki, ambaton bindiga kusa da makaranta kan tayar da hankalin iyaye, kuma suna da hujja. Duk da haka, ya dace mu san wasan harbi da bindigar iska, wadda matsattsiyar iska ke tura ɗan harsashinta mai kaurin milimita 4.5. Tun 1984 wasan yake cikin gasar Olamfik.

Maharbi kan tsaya mita 10 daga allo, yana neman ɗigon tsakiya mai faɗin rabin milimita kacal. A zagayen share fage, harbi 60 zai yi cikin minti 75. Bugun zuciya kaɗai ya isa ya kautar da saiti, shi ya sa ake fara horar da yaro kan dokokin kariya, tsayuwa da sarrafa numfashi. A Paris cikin 2024, Ban Hyo-jin, ɗaliba 'yar Koriya ta Kudu mai shekara 16, ta ci zinare da ratar maki 0.1 a harbin raba gardama. Irin wannan natsuwa muke fafutukar dasawa a aji, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawarata ita ce, kada malami ya amince da shigo da wasan sai da izinin hukuma, yardar iyaye, ƙwararren mai horarwa da ma'ajiya mai kulle. Ran ɗalibi amana ne a wuyanmu.

Allah Ya yi mana jagora.