Ƙarfi Ba Ya Ɓacewa, Sai Dai Ya Sake Kama

Masana sun tabbatar ɗan Adam ba ya iya ƙaga ƙarfi, ba ya iya hallaka shi, iyakarsa ya juya shi. Ku dubi madatsar Kainji da aka gama cikin 1968. Ruwan Kwara ya kan gangaro ya murza injuna, sa'an nan lantarki ya samu. In ruwa ya ja baya, wuta ta ragu. Kowane juyi kuwa da hasararsa, gama wani kashi ya kan zama zafi ya watse, ba ya komowa don kansa. Saboda haka in wani ya shigo ƙasarku da injin da ya ce ba ya bukatar mai, ko rana, ko iska, ko ruwa, kada talakawanku su ba shi ko anini.