WARIYAR LAUNI DA GORIN GARI A BAKIN MAGOYA BAYAN ƘWALLO

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar wa matasa a Gangara, cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina. A sha karatu lafiya.

 

'Yan uwa, an nemi in ɗan yi magana a kan abin da da yawanku suka fi ni sani, wato ƙwallon ƙafa. Maganar halaccin kallo ko rashinsa na bar wa malamai. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne bakin mai kallo: me ke fita daga cikinsa, kuma yaushe ne maganar ke tashi daga adawa ta koma wariya? Domin kuwa duk ranar da aka ci zarafin baƙar fata a Turai, gidajen kallonmu sukan ɗau zafi, kowa yana la'antar Turawa. Minti biyar bayan haka, sai wanda ya fi kowa ɗaga murya ya juya ga na kusa da shi a kan benci ya ce, "Kai rufe mana baki, ɗan Nijar, me ka sani a ƙwallo?" Kuma a ransa bai ga wata alaƙa tsakanin abu biyun nan ba.

To mu fara da wanda babu gardama a kansa. A ranar 26 ga Disamba, 2018, Inter ta karɓi baƙuncin Napoli a birnin Milan. Wasu 'yan kallo suka dinga yi wa Kalidou Koulibaly, ɗan Senegal, kukan biri. Mai horar da Napoli a lokacin, Carlo Ancelotti, ya ce sau uku suna neman a tsayar da wasan, ba a tsayar ba. Daga ƙarshe wa aka kora? Koulibaly ɗin, saboda ya tafa wa alƙalin wasa cikin ɓacin rai. Shekara guda kafin nan, a 2017, Sulley Muntari ɗan Gana ya kai wa alƙalin wasa ƙara a filin Cagliari cewa ana zaginsa da launinsa, sai aka ba shi katin gargaɗi, ya fice daga filin. A watan Mayu na 2023 aka yi wa Vinicius na Real Madrid irin wannan a Valencia, kuma a 2024 kotun Sifen ta yanke wa mutum 3 ɗaurin wata 8.

Me ya haɗa waɗannan? Babu wanda aka zaga a cikinsu don ya ɓarar da ƙwallo ko ya yi ƙeta. An ɗauko abin da mutum bai zaɓar wa kansa ba, kuma ba zai iya tuɓewa ya ajiye ba, an yi amfani da shi don a saukar da shi ƙasa da sauran mutane. Wannan shi ne ta'arifin da nake so mu riƙe. In ka ce wa mai tsaron gida rariya ne, gobe yana iya kama bugun daga kai sai mai tsaron gida ya kunyata ka. In ka ce masa biri, ko bawa, babu wata ƙwallo da zai kama a duniya ta fitar da shi daga abin da ka jefe shi da shi, don kai ma ba maganar wasansa kake yi ba. Kuma zagin bai tsaya a kansa ba, ya haɗa da uwarsa da ubansa da duk wanda ya yi kama da shi a cikin filin.

Wani zai ce, ai kalmar ba zagi ba ce. An yi wannan gardamar a Ingila a 2011, tsakanin Luis Suarez na Liverpool da Patrice Evra na Manchester United. Suarez ya kare kansa da cewa kalmar da ya faɗa, a ƙasarsu ta Yurugwai, kira ne na yau da kullum. Hukumar ƙwallon Ingila ta duba a wane hali aka faɗe ta, wato cikin cacar baki, ta dakatar da shi wasa 8 da tarar fam 40,000. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan karatun. Akwai kalmar da ta fi "aboki" kyau a harshenmu? Amma duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani Legas ko Fatakwal ya san yadda take sauka a kunne in an jefo ta daga tagar mota.

Yanzu ga inda maganar ta fi ɗaure kai, kuma nan ne nake so mu daɗe. In wanda ke zagin da wanda ake zagin launinsu ɗaya ne, ƙasarsu ɗaya, harshensu ɗaya, shi ma wariya ne?

Italiya ta sha wannan tambayar. Arewacin ƙasar shi ke da masana'antu da kuɗi, kudanci shi ne talaka, kuma Napoli ce babban birnin kudu. Shekaru da dama magoya bayan ƙungiyoyin arewa suna rera waƙoƙin gori ga mutanen Napoli: suna tuna masu cutar kwalara da ta afka masu a 1973, da girgizar ƙasa ta 1980, har suna roƙon dutsen nan mai aman wuta da ke kusa da birnin ya ƙone su. Bature ne ke faɗa wa Bature. A 2013 hukumar ƙwallon ƙasar ta sanya wannan gorin yanki a sahu ɗaya da wariyar launi, aka fara rufe ɓangarorin filaye. An rufe wa Juventus nata, sai ƙungiyar ta cika gurbin da yara ƙanana sama da 12,000 a wasanta da Udinese. Kun san abin da ya faru? Yaran suka dinga zagin mai tsaron gidan Udinese, har aka ci Juventus tarar yuro 5,000. Abin dariya, abin tausayi. A ina suka koya?

Magoya baya suka yi ca a kan dokar, suka ce wannan gori al'adarsu ce tun kaka da kakanni, ba wariya ba ne. Har wasu magoya bayan Napoli ɗin suka ɗaga ƙyalle suna zagin kansu da kwalara, don su nuna dokar ba ta da ma'ana. A watan Agusta na 2014 aka sassauta ta, a ƙarƙashin sabon shugaban hukumar, Carlo Tavecchio. Shi kuwa wannan mutumin, makonni kaɗan kafin nan ya yi wa 'yan wasan Afirka gori da cin ayaba, har hukumar ƙwallon Turai ta dakatar da shi wata 6. Ni dai a ganina wannan ba dace ba ne kawai. Zuciyar da ta raina gorin gari, da wuya ta ɗauki gorin launi da nauyi.

Hujjar da suka kawo, cewa al'ada ce, ita ce tamu a nan. Za ku ce mani wasa ne, barkwanci ne, mun gada. Gaskiya ne mun gada. Akwai wasa tsakanin Katsinawa da Nufawa, tsakanin Kanawa da Zagezagi, tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Abu ne mai daraja, har hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na ƙasar Nijar cikin abubuwan gadon ɗan Adam a 2014. Amma ku dubi yadda yake tafiya. Banufe ya ce wa Bakatsine bawansa, Bakatsine ya rama nan take, a yi dariya, a ci tuwo a kwano ɗaya. Kowa ya san matsayinsa a wasan, kowa yana da bakin ramawa, kuma in ɗaya ya shiga uku, taubashinsa ne farkon mai kawo ɗauki. Ba a taɓa jin taubashi ya je gidan makoki yana yi wa mamaci gori da ciwon da ya kashe shi ba.

To ku auna wannan da abin da ake yi a gidan kallo. Mutum talatin a gefe ɗaya, yaro ɗaya da ya tsallako daga Ɗan Isa ko Madarumfa a ɗaya gefen. Ana ce masa yunwa ta koro shi, ana kwaikwayon Hausarsa, shi kuma yana murmushin dole don ya san in ya tanka dare zai yi masa tsawo. Yunwar da ake masa gori da ita ba tatsuniya ba ce, ta 2005 ta yi ɓarna ƙwarai a jihar Maraɗi, akwai gidajen da suka rufe 'ya'yansu. Mu nan a watan Yuli na 2018 ambaliya ta ci mutum sama da 40 a Jibiya cikin dare ɗaya. A ce mun je kallon wasa a wani gari, sai 'yan kallo suka haɗa baki suna rera mana cewa ruwa ya ƙara cinye mu, ko 'yan bindiga su ƙarasa mu. Wa zai kira wannan wasa a cikinku? Wannan shi ne daidai abin da ake yi wa mutanen Napoli, kuma shi ne muke yi wa maƙwabcinmu.

Abin mamakin ma, wane ne ɗan Nijar ɗin? Bayan jihadi, wajen 1807, sarakunan Katsina na Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta kafu a Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Layin da ya raba mu, Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba su tambayi kakan kowa ba. Ina jin da wuya a sami mutum biyar a zaman nan da ba su da gwaggo ko kawu a bayan Magama. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023 bayan juyin mulkin Yamai, ba a tantance wa ya fi wani jin jiki ba, kasuwar Jibiya ta ji, ta Maraɗi ta ji.

Sannan shi mai gorin ya manta cewa tsani ne, kuma ba shi ne a saman ba. Kai ka ce wa na Ɗan Isa baƙauye. Ka shiga Kano ka buɗe baki ka ce "tahi", a dube ka a ce ɗan Nijar ne. Bakanon ya sauka Legas, ya zama aboki. Ɗan Legas ɗin ya isa Turai, a yi masa kukan biri. Bukayo Saka a Landan aka haife shi, rigar Ingila yake sawa, amma daren da ya ɓarar da bugun ƙarshe a wasan ƙarshe na kofin Turai a Yulin 2021, shi da Rashford da Sancho, nan take aka tuna masu launinsu.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Son garinka ba laifi ba ne. Ka so Katsina United, ka yi murna in ta ci Pillars, ka tsokani abokinka Bakano har sati ya zagayo. Tun a Islamiyya malamanmu sun bambance mana tsakanin mutum ya so mutanensa, da ya mara masu baya a kan zalunci, na biyun nan shi suka kira asabiyya. Kuma ba a Turai kaɗai take kai mutane ga ɓarna ba. A watan Afrilu na 2022 Katsina United ta je filin Sani Abacha a Kano. Ba a ƙarasa wasan ba, 'yan kallo suka kutsa fili, aka farfasa motar 'yan wasan Katsina. Aka ci Kano Pillars tarar naira miliyan 9, aka zabge mata maki 3, aka ɗauke wasanninta daga Kano. A ƙarshen kakar, Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa, Katsina United ma ta faɗa tare da ita. Mu ma ba wankakku ba ne, a 2017 a Katsina aka jefi motar Enyimba ta Aba, bayan hatsaniyar mai tsaron gidanta da yaro mai ɗauko ƙwallo. Ba ina cewa duk wanda ya ɗauki dutse a ranakun nan don gorin gari ya ɗauka ba. Amma hannu ba ya saurin jifan motar da yake ganin 'yan uwansa ne a ciki. Sai baki ya daɗe yana cewa "su wancan", "nyamirai", "'yan ƙauye", kafin hannu ya sami ƙwarin gwiwa.

Akwai wata tambaya da na san za ta taso: in wanda aka yi wa gorin ya ce bai ji haushi ba fa? Kamar waɗancan magoya bayan Napoli da suka zagi kansu. Amsata ita ce, a duba ko yana da halin cewa ya ji. Baƙon da ke kwana a shagon wani, ko yaron da ke neman aikin lodi a hannun wanda ke tsokanarsa, dariyarsa ba shaida ba ce. Sannan ba shi kaɗai ya ji ba, ƙanenka ɗan shekara goma da ke zaune a ƙasa gaban talabijin ya ji, kamar dai yaran nan na Juventus.

A manyan filaye yanzu akwai ƙa'ida mai hawa uku: alƙalin wasa ya tsayar da wasa a yi gargaɗi, in an ci gaba ya mayar da 'yan wasa ɗaki, in an ƙi ji ya tashi wasan baki ɗaya. A 2024, a taronta na Bankok, hukumar FIFA ta ƙara da alama, ɗan wasa ya giciye hannayensa biyu don ya sanar da alƙali ana cin zarafinsa. Gidan kallo ba shi da alƙali, amma yana da mai gida, kuma makunnin janareta a hannunsa yake. Akwai masu gidajen kallo a cikinmu, akwai masu karɓar kuɗin ƙofa, akwai masu shirya gasar unguwanni da ƙungiyoyi ke zuwa daga ƙetaren iyaka. Shawarata gare ku, ku zauna tun kafin wasan Asabar mai zuwa ku yanke abin da za ku yi in an yi gorin launi ko na gari: gargaɗi a karon farko, a kashe talabijin na minti biyar a karo na biyu, a na uku a mayar wa mutum kuɗinsa a nuna masa ƙofa. Za ku rasa 'yan kallo biyu ko uku a satin farko, wannan kam kada ku yi shakka.